Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Masu Mayar Da Kisan 'Yan Sanda Fim

Zuwa ga furodusoshi, daraktoci da marubutan labarin fim,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto muku ne a kan wani nau'in fim da ya daɗe yana kawo muku kasuwa, wato fim ɗin da ake ginawa a kan ta'asar da aka yi wa 'yan sanda da gaske, wadda aka san ranar da aka yi ta, aka san wanda ya yi ta, aka kuma san inda kabarin wanda aka kashe yake. Na taso a gidan ɗan sanda, na san irin shirun da gida ke yi idan lokacin dawowar maigida ya wuce ba a ji motsinsa ba, saboda haka idan na zauna kallon irin wannan fim, idona ba ya tsayawa inda kuke so ya tsaya. Ku kuna bin ɗan fashi da kyamara yana tserewa, ni kuwa hankalina yana kan wanda aka bari kwance a gefen hanya cikin kayan sarki, wanda galibi ba a ba shi ko minti biyu ba kafin a harbe shi, kuma ba za a sake jin sunansa ba har fim ya ƙare.

Ina so ku sani tun farko cewa ban zo da roƙon a hana ku ba. An taɓa gwada hanin, kuma labarinsa ya kusa kai tsufan sana'arku. A ranar 26 ga Oktoba, 1878, a wani daji da ake kira Stringybark Creek a yankin Victoria na ƙasar Ostireliya, Ned Kelly da mutanensa suka kashe 'yan sanda uku da aka tura su kamo su: Saja Michael Kennedy, da Thomas Lonigan, da Michael Scanlan. An rataye Kelly a Melbourne a 1880. Shekara 26 bayan haka, a 1906, aka fito da The Story of the Kelly Gang, wanda masana da yawa ke ɗauka a matsayin dogon fim mai labari na farko a duniya. Wato dai dogon fim da kisan ɗan sanda tare suka shiga sinima. Zuwa 1912 wasu jihohin ƙasar sun haramta fina-finan 'yan fashin daji baki ɗaya, bisa hujjar cewa suna zubar da mutuncin 'yan sanda suna kuma ɗaukaka masu laifi. Hanin ya gurgunta masu shirya fim na ƙasar, amma bai rage wa Kelly komai ba, domin an ci gaba da mayar da shi fim, a 1970, a 2003, da kuma bayan nan, har ya zama da wuya ka sami wanda ya san Ostireliya bai san hular ƙarfensa ba. Ku tambayi mutum goma da suka kalli waɗannan fina-finai sunan ɗaya daga cikin 'yan sandan uku, ku ji mutum nawa zai amsa. Kennedy da Lonigan kowannensu ya bar mata da ƙananan 'ya'ya, kuma zuriyarsu tana nan tana kallon yadda ake yi wa wanda ya kashe kakanninsu kirari.

Na san abin da za ku ce, kuma akwai gaskiya a cikinsa. Za ku ce mai laifi shi ne mai labari, shi ne wanda ya tsallake iyaka, shi ne mai kallo ke son ya san abin da ke cikin ransa, alhali ɗan sandan da ya fito sintiri aikinsa kawai yake yi, kuma mutumin da ke aikinsa ba ya cika sinima. Za ku ƙara da cewa wasu daga cikin waɗannan masu laifi talauci ne da zaluncin hukuma suka tura su, kamar yadda masu kare Kelly ke faɗa a kan yadda 'yan sanda suka matsa wa danginsa. Ban musa ba, ku faɗi wannan ma, domin yana cikin abin da ya faru. Sai dai kyamara ba ta raba kallo daidai. Wanda kuka ba kyakkyawan jarumi, kuka ba kiɗa, kuka nuna mahaifiyarsa da budurwarsa da yarintarsa, shi mai kallo zai yi wa kuka. Wanda kuka nuna daga nesa cikin kaki, fuskarsa a ƙarƙashin hula, faɗuwarsa ba ta fi faɗuwar kujera ba. Wannan rabo ku kuka yi shi a kan takarda tun kafin a fara ɗauka, kuma kuna da ikon yin sa ta wata hanya.

Abin da ya fi wannan muni shi ne a ƙirƙiro wa mutumin da ya rayu da gaske abin kunyar da bai yi ba. A fim ɗin Bonnie and Clyde na 1967 an nuna Frank Hamer, jami'in Texas da ya jagoranci farautar waɗannan masoya 'yan fashi, a matsayin wawan da suka kama, suka ɗaure, suka ɗauki hoto da shi suna yi masa dariya, don mai kallo ya ɗauka cewa haushin wannan wulaƙanci ne ya sa ya yi musu kwanton ɓauna a Louisiana ranar 23 ga Mayu, 1934. Hakan bai taɓa faruwa ba, ba su taɓa kama shi ba. Hamer ya rasu tun 1955, ba shi da bakin kare kansa, sai matarsa da ɗansa ne suka kai kamfanin fim ɗin ƙara, aka sasanta a wajen kotu a 1971. An ce ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ramin da aka haƙa da kyamara yana da zurfi, domin fim ɗin ya ci lambobin Oscar biyu, miliyoyin mutane sun kalle shi, sasantawar kuwa 'yan kaɗan ne suka ji labarinta. Sai a 2019, bayan shekara 52, aka yi wani fim da ya ba da labarin ta ɓangaren Hamer. Kuma wannan gungun da aka shafa wa kwalliya ana lissafa cewa sun kashe aƙalla jami'an tsaro 9. Biyu daga ciki an harbe su ne a kusa da garin Grapevine na Texas ranar 1 ga Afrilu, 1934, ɗayansu matashi ne da ake shirin aurensa, har wadda zai aura ta halarci jana'izarsa sanye da rigar amarcinta. Da marubucin labari ne ya ƙago wannan fitowa da an ce ya cika zuzutawa, amma ga ta a tarihi kyauta, aka tsallake ta aka je aka ƙirƙiro ƙarya.

Idan kuna neman misalin yadda ake riƙe irin wannan amana, ku dubi labarin gonar albasa. A daren 9 ga Maris, 1963, 'yan sandan farin kaya biyu na birnin Los Angeles, Ian Campbell da Karl Hettinger, suka tsayar da wata mota da suka yi zargi a unguwar Hollywood. Ɗaya daga cikin mutanen motar, Gregory Powell, ya ɗora wa Campbell bindiga a baya, aka ce Hettinger ya miƙa tasa ko a harbe abokin aikinsa, ya miƙa. Powell da abokinsa Jimmy Lee Smith suka tafi da su can wata gonar albasa kusa da Bakersfield, suka harbe Campbell, Hettinger kuwa ya ranta a na kare cikin duhu, ya yi gudun kusan mil 4 kafin ya sami taimako. Powell ya yi kisan ne bisa gurguwar fahimtar doka, yana zaton sace mutum kawai ya isa a yanke masa hukuncin kisa, don haka gara ya kawar da shaidu.

Mai neman kasuwa zai tsayar da labarin a nan, ko ya ƙara da kamun makasan. Joseph Wambaugh, wanda shi kansa ɗan sandan Los Angeles ne, ya rubuta littafin a 1973, ya kuma rubuta labarin fim ɗin The Onion Field na 1979 da hannunsa, kuma ya ƙi tsayawa a nan. Ya bi Hettinger har gida. Hukumarsa ta fitar da sanarwa ga jami'anta cewa ɗan sanda ba ya miƙa bindigarsa ko ana ha maza ha mata, wanda kowa ya san da wa ake. Aka riƙa sa shi yana tsayawa gaban abokan aikinsa yana maimaita abin da ya faru, aka riƙa kiransa kotu yana ba da shaida shekara da shekaru, domin an rushe hukuncin farko an sake shari'a. Mutumin ya rasa barci, zargin kai ya cinye shi, har ya faɗa ɗauke-ɗauken ƙananan kaya a kantuna, aka kama shi, ya bar aiki a 1966. Su kuwa makasan, da kotun ƙolin Kalifoniya ta soke hukuncin kisa a 1972, Powell ya koma ɗaurin rai da rai, ya mutu a gidan yari a 2012, Smith kuma aka yi masa sakin talala a 1982, ya yi ta shiga da fita kurkuku har ya mutu a 2007. Hettinger ya rigaye su duka, ya rasu a 1994.

Abin da ya sa na daɗe a kan wannan labari shi ne, fim ɗin bai yi wa hukumar 'yan sanda kara ba, ya nuna yadda ta ci amanar jami'inta da ya tsira, ya nuna yadda kotu ta yi ta jan shari'a har wanda aka zalunta ya fi wanda ya yi zaluncin shan wahala. Bai kuma mayar da makasan dodanni marasa fuska ba, an ga tsoronsu da wautarsu da yadda kowannensu ke ture wa ɗan'uwansa laifi. Amma a ƙarshe mai kallo ya san Campbell, ya san yana da mata da 'ya'ya mata biyu, ya san yana son busa sarewar nan ta mutanen Sukotilan. Wannan ya ishe ni hujja a kan duk wanda zai ce mini ɗan sanda ba shi da labarin da zai riƙe mai kallo.

Kada kuma ku ɗauka ina so ku zama kakakin 'yan sanda. Na taso a cikinsu, na san cewa babu lokacin da hukuma ta fi saurin kuskure kamar lokacin da aka kashe nata, domin a ranar kowa fansa yake nema, daga abokan aikin mamacin har 'yan jarida har 'yan siyasa, kuma wanda aka fara damƙa shi ne ke biya. A nan ne sana'arku ta yi aikin da ba zan manta da shi ba. A watan Nuwamba na 1976 aka harbe ɗan sanda Robert Wood a birnin Dallas bayan ya tsayar da wata mota. Aka kama Randall Dale Adams, aka yanke masa hukuncin kisa bisa shaidar wani yaro ɗan shekara 16 mai suna David Ray Harris, wanda shi ne ya saci motar da bindigar. Saura kwana 3 a kashe Adams aka dakatar da hukuncin. Da darakta Errol Morris ya fito da fim ɗin The Thin Blue Line a 1988, ya bi shaidun ɗaya bayan ɗaya, maganganunsu suka riƙa karo da juna a gaban kyamara, har Harris da bakinsa ya wanke Adams. A 1989 aka saki Adams bayan fiye da shekara 12 a tsare. Harris kuwa an zartar masa da hukuncin kisa a 2004 saboda wani mutum daban da ya kashe bayan Wood, kisan da ƙila da bai auku ba da an kama mai laifin gaskiya tun farko. Ɗaure Adams bai biya jinin Wood ba, ya dai bar wanda ya zubar da shi yana yawo.

Haka abin yake a Ingila. A ranar 2 ga Nuwamba, 1952, a saman rufin wani ɗakin ajiyar kaya a Croydon, Christopher Craig, ɗan shekara 16, ya harbe ɗan sanda Sidney Miles. Abokinsa Derek Bentley, ɗan shekara 19 mai raunin fahimta wanda ko karatu bai iya ba, yana hannun 'yan sanda tun kafin a yi harbin. Craig ya yi ƙanƙanta a rataye shi, sai aka rataye Bentley ranar 28 ga Janairu, 1953, duk da cewa masu taimaka wa alƙali sun roƙa masa sassauci. An kafa hujja ne da wata magana mai harshen damo da aka ce ya faɗa wa Craig, wadda ta yi kama da a ce "ba shi", ba a san ko miƙa wa ɗan sanda bindigar ake nufi ko ɗirka masa harsashi ba. Fim ɗin Let Him Have It na 1991 ya dawo da maganar gaban jama'a a lokacin da 'yar'uwar Bentley ta shafe shekaru tana fafutika, kuma a 1998 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, shekara 45 bayan an binne shi. Ita 'yar'uwar ta rasu shekara guda kafin nan. Ko a wannan labari ma, abin lura ne cewa sunan Bentley ya zama sananne, na Miles kuwa sai an bincika, alhali shi ma ya fita aiki ne a wannan dare bai koma gida ba.

To, idan aka haɗa Hamer da Hettinger da Adams wuri guda, abin da nake nema daga gare ku ya fito fili. Da zarar kun rubuta a farkon fim cewa an gina shi a kan labarin gaskiya, kun karɓi amanar mutanen da ke cikinsa, mai kaki da mai ankwa, kuma gani ya kori ji: abin da kuka nuna shi zai zauna a ƙwaƙwalwar jama'a, ba abin da ke cikin takardun kotu ba. Wannan jimla da kuke ɓoyewa a can ƙarshe da ƙananan haruffa, cewa an canza wasu abubuwa don armashin labari, ba ta wanke ku, domin kun sayar da tikiti da kalmar gaskiya a manyan haruffa. Babu laifi ku gajarta lokaci, ku haɗe ƙananan mutane biyu su zama ɗaya, ku sa wa mutane maganar da ta yi daidai da halinsu a inda babu wanda ya ji abin da suka faɗa. Amma idan kuna buƙatar matsoracin ɗan sanda ko maci amana don labari ya yi daɗi, kuma wanda ya rayu bai kasance haka ba, ku canza suna da gari, ku cire kalmar gaskiya, ku yi ƙagaggen labarinku, ba mai tuhumarku.

Sai maganar iyalai. Ba na cewa ku ba su ikon hana fim, domin da haka ne da ba a taɓa tona asirin wata hukuma ba, kuma iyalin mamaci su ma suna iya kuskure a kan wanda ya yi kisan. Abin da nake cewa shi ne kada matar da aka kashe mijinta ta fara sanin za a yi fim a kansa daga tallan da ta gani a waya, kada ɗan da bai san mahaifinsa ba ya fara ganin yadda aka harbe shi a cikin taron mutane masu tafi. Ku je ku same su kafin ku fara rubutu, ku saurare su, ku faɗa musu abin da za ku nuna da wanda ba za ku nuna ba, ku ba su damar kallo su kaɗai kafin a fitar. Za ku fama musu miki ko ta yaya kuka yi, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya yi sallama da wanda ya banko ƙofa. Ko don amfanin kanku ma, a wurinsu za ku samo abubuwan da rahoton jarida ba ya ɗauke da su.

Ga kuma batun kuɗi, wanda ba ku cika son a taɓo ba. Jihar New York ta yi doka a 1977 don hana mai laifi cin ribar sayar da labarin laifinsa, bayan an ji tsoron cewa makashin nan David Berkowitz zai sayar da nasa. Kotun ƙolin Amurka ta soke dokar a 1991 saboda ta yi faɗi har ta taɓa 'yancin faɗar albarkacin baki, kuma duk da an sake rubuta irinta a wurare da dama, ba ta toshe kowace kafa ba. Ke nan a ƙasashe da yawa abin ya rage ga lamirinku. Idan kuka biya wanda ya kashe ɗan sanda don ya zauna ya ba ku labarin yadda ya yi, ko da kuɗin sun bi ta hannun lauya ko ɗan'uwa, kun sa wa jinin farashi, kuma duk wani matashi da ke kallo ya ji farashin. Idan akwai kason da za a fitar daga riba, marayun mamacin su suka fi cancanta da shi.

Ku kuma yi haƙuri da gaggawa. Yanzu da kamfanonin nuna fim ta intanet ke rige-rigen labaran laifi, akan fara cinikin labari tun gawa ba ta yi sanyi ba, tun ba a gama shari'a ba. Da a ce wani ya yi fim a 1977 a kan kisan Robert Wood, da Adams zai sa a matsayin makashi, da fuskar mugu da kiɗan mugu, kuma da wannan fim ya zama ƙarin ƙulli a igiyar da ake shirin sa masa. Haka nan babu buƙatar ku koyar da dabara dalla-dalla, yadda aka yi kwanton, ta ina aka ɓullo wa motar sintiri, wane lokaci ake canjin aiki, domin mai kallo ba ya rasa komai idan an sakaya wannan, wanda ke neman darasin kuwa bai kamata ya same shi a wurinku ba.

Roƙona na ƙarshe ƙarami ne, ba zai ci muku ko sisi ba. A ƙarshen irin waɗannan fina-finai kukan sa hoton mai laifin na gaskiya, ku rubuta shekarar da aka kama shi, da inda aka ɗaure shi, da yadda ya ƙare. Ku yi wa 'yan sandan da ya kashe haka. Ku sa hotunansu ba da hula ba, ku rubuta cikakken sunan kowannensu, da shekarunsa, da tsawon lokacin da ya yi yana aiki, da yawan 'ya'yan da ya bari, kuma ku bar rubutun ya daɗe a allo gwargwadon yadda na makashin ya daɗe, kafin sunayen 'yan wasa su fara hawa.

Naku,
Wani mai kallo, ɗan gidan ɗan sanda.